Taka rawa don lafiyar zuciya: Motsa jikin da za a iya yi a tsakiyar falo

Idan ka taɓa bi ta gefen tafkin Jabi da sanyin safiyar Asabar, ka riga ka ga abin da za mu tattauna a wannan makon. Manyan lasifikoki na tashi, mai koyarwa yana gaba yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, bayansa kuma jama'a ne sahu-sahu: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, matan aure, har da dattawa masu furfura, kowa na ɗaga gwiwa yana kaɗa kafaɗa, gumi na zuba. Haka abin yake a harabar babban filin wasa na ƙasa, wanda aka sanya wa sunan Moshood Abiola a 2019. Wataƙila ka rage gudun mota ka kalla, ka yi murmushi, ka ce a ranka, "Ni da girmana? Wannan ai ba namu ba ne." Ka taka mota ka wuce.

To, kafin ka yi nisa, mai karatu, mu lissafa yadda wuninka yake tafiya. Ka fito daga Mararaba ko Nyanya bayan sallar Asuba, ka zauna cikin cunkoson motoci har AYA. Ko kuma daga Kubwa, Lugbe ko Gwagwalada kake tasowa, duk kanwar ja ce. Ka isa ofis ka zauna daga takwas zuwa huɗu. Ka sake zama a mota a hanyar komawa, ka ci tuwo, ka kishingiɗa da waya a hannu har barci ya ɗauke ka. Abuja gari ne da aka zana da faffaɗan tituna domin mota, unguwa da unguwa akwai tazara. A cikin birnin Kano, Zariya ko Katsina, ƙafa ce ke kai mutum kasuwa, masallaci, gidan gaisuwa da majalisar abokai. A nan, tafiyar da mutum zai yi a wuni tana iya ƙarewa tsakanin ƙofar falo da ƙofar mota.

Ke kuwa uwargida, naki lissafin ya fi haka nauyi. Tuna kakarki. Ita ce surfe, ita ce daka, ita ce niƙa a kan dutse, ta ja ruwa a rijiya da guga, ta tuƙa tuwon mutum ashirin da muciya, da yamma ta yafa gyale ta taka zuwa barkar suna a wata unguwa. Ba ta taɓa ware lokaci da sunan motsa jiki ba, don wuninta gaba ɗaya motsi ne. Yau akwai injin markaɗe, murhun gas, famfo a cikin ɗaki, wani gidan har da mai aiki. Alheri ne, babu mai fatan a koma baya. Sai dai tuwon bai ragu ba, man miya bai ragu ba, an ma ƙaro lemon kwalba da shayi mai cokali uku na suga. Gidan kuma katanga ce da get a rufe, maƙwabciyar da za ki leƙa ma wataƙila ba ki san sunanta ba.

Jiki yana riƙe da wannan lissafi ko da mu mun manta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon buƙata, kuma mata sun fi maza yawa a ciki. A nan gida, wani babban binciken da Farfesa Augustine Odili na Jami'ar Abuja ya jagoranta a shiyyoyin ƙasar nan shida ya gano cewa kusan kashi 38 cikin 100 na manyan da aka auna suna da hawan jini. Da yawansu ba su ma sani ba. Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa labarinsa na farko shi ne ranar da aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, ko kuma ƙoda ta daina aiki an koma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, da kuɗin da ke iya cinye filin da aka yi shekara goma ana tanadi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Likitoci suna kiran wani rukuni na motsa jiki da suna erobik. Ma'anarsa mai sauƙi ce: duk motsin da ke sa manyan tsokokin jiki, wato cinyoyi, ƙugu, baya da kafaɗu, su yi ta aiki ba tsayawa na tsawon mintuna, har numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri domin kai iskar oksijin ga tsoka. Tafiya da sauri, tuƙa keke, ninƙaya da sassarfa duk suna ciki. Wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, shi ya yayata kalmar a littafin da ya fitar a 1968, bayan ya shafe shekaru yana auna juriyar sojoji. Ɗaga ƙarfe mai nauyi sau biyar a ajiye, wannan wani fanni ne daban, yana da nasa amfanin ga tsoka da ƙashi. Wanda ke horar da zuciya da huhu shi ne mai ɗorewa, kuma rawa, idan aka yi ta yadda ya kamata, tana tsakiyar wannan rukuni.

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannunka da yawa ba. Kana zaune tana tura jini kimanin lita biyar a minti ɗaya. Idan ka tashi kana takawa da ƙarfi, adadin yana iya ninkawa uku ko huɗu. Idan ana yi mata haka a kai a kai, sai ta ƙara ƙarfi, kowane bugu ɗaya ya riƙa tura jini fiye da da, don haka ba ta buƙatar yawan bugawa lokacin hutu. Su ma jijiyoyin jini suna ƙara laushi, suna buɗewa cikin sauƙi maimakon su sandare kamar tsohuwar tiyo. A wurin mai hawan jini, motsa jiki irin wannan yana rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8. Kada ka raina wannan, domin kusan abin da ƙwayar magani guda ke yi ke nan.

Ga mai ciwon suga ko wanda ke bakin kamuwa, akwai wani ƙarin. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga cikin jini ba tare da dogaro sosai da sinadarin insulin ba, kuma wannan tasiri yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu bayan an gama. Shi ya sa likitocin suga ke cewa kada a bar fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu haɗarin kamuwa da suga da suka riƙa motsa jiki minti 150 a mako, suka kuma rage ɗan nauyi, haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani kawai.

Amma ba kowace rawa ce ke shiga lissafi ba. Rawar da ake yi a gidan biki, wadda amarya da ƙawayenta ke ɗan rangaji a wuri ɗaya ana yi musu liƙi, ana kula kada ɗaurin kallabi ya goce, ba ta isa ta tada zuciya ba. Ga ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura: idan kina rawa kina iya rera waƙar da ke tashi ba tare da numfashi ya katse ba, kin yi sanyi, ƙara ƙaimi. Idan kina iya magana amma ba ki iya waƙa, kin kai matsakaicin mataki, nan ake so. Idan kuwa kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ki ja numfashi, kin shiga mataki mai tsanani, wanda mai farawa bai kamata ya daɗe a ciki ba. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220, ya nemi kashi 50 zuwa 70 na abin da ya rage. Ɗan shekara 45 zai samu bugu 88 zuwa 122 a minti. A dafa jijiyar wuyan hannu a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu

Rawar erobik ta zamani ta yaɗu ne bayan littafin Cooper. Wata Ba'amurkiya, Jacki Sorensen, ta fara koya wa matan sojoji rawar erobik a 1969, sai faifan bidiyon Jane Fonda na 1982 ya shigar da ita ɗakunan miliyoyin mata. Zumba, wadda ake koyarwa yanzu a gidajen motsa jiki na Wuse, Maitama da Gwarinpa, wani ɗan ƙasar Kolombiya ne mai suna Beto Perez ya ƙirƙiro ta. Labarin da shi kansa yake bayarwa shi ne ya manta kaset ɗin darasi wata rana, sai ya sa kiɗan gargajiyar yankinsu da ke tare da shi, ɗalibai suka ce daga yau shi suke so. A ƙasar Sin kuwa, miliyoyin mata masu shekaru hamsin da sittin suna fitowa dandali kowace yamma suna rawa tare.

Abin lura a labarin Zumba shi ne mutumin bai ƙirƙiro sabon abu ba, kiɗan gidansu ya ɗauko. Mu kuma namu yana nan jibge. Duk macen da ta yi ƙuruciya a ƙasar Hausa kafin talabijin ta mamaye dare ta san gaɗa: a yi da'ira a farin wata, ana tafi ana waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka, ta faɗo da baya ƙawaye su cafe su cilla ta. Awa biyu ana haka, a koma gida sharkaf da gumi. Samari suna da langa, tsalle da ƙafa ɗaya wanda duk mai horar da 'yan wasa a yau zai yaba. Akwai rawar takai ta masu sanduna, akwai 'yan hoto da ke cilla garma sama su tare, akwai Koroso ta Kano da masu ita ke ɗaura kayan amo a ƙafa suna tsalle da lanƙwasa biyu-biyu. A cikin gida, mata suna da shantu, suna da kiɗan ƙwarya da amada, wadda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe har rasuwarta a 2013, kuma taron mata ne zalla, su kaɗa, su rera, su taka. Ko lugude a bakin turmi ai rabinsa kiɗa ne, rabinsa aiki. Abuja ma ta ƙaro mana na maƙwabta: rawar Gbagyi masu ƙasa, Swange ta Tibi mai sa ƙugu da gwiwa aiki, Atilogwu ta Ibo da Bata ta Yarbawa. Wanda ya ce rawa ba tamu ba ce, ya tambayi gwaggonsa.

Masu bincike ma sun duba rawa ita kaɗai. A 2016 an wallafa nazarin mutum fiye da 48,000 'yan shekara 40 zuwa sama a Birtaniya, waɗanda aka bi diddiginsu na shekaru. Masu yin rawa mai matsakaicin ƙarfi, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya ya yi ƙasa da kusan kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba sa yi. Tun 2003 kuma, likitocin Kwalejin Albert Einstein da ke New York sun bi tsofaffi 469 'yan sama da shekara 75, suka ga cewa a cikin duk ayyukan jiki da suka duba, rawa ce kaɗai ta zo tare da raguwar kamuwa da cutar mantuwa ta tsufa. Dole a yi adalci a nan: irin waɗannan nazarce-nazarce alaƙa suke nunawa, ba su tabbatar da cewa rawar ce kaɗai sanadi ba, domin mai lafiya ne ya fi iya tashi ya taka tun farko. Duk da haka dalilin yana shiga hankali. Mai rawa yana tuna jerin taku, yana bin sautin ganga, yana juyawa hagu da dama yana riƙe daidaiton jiki, duk a lokaci guda. A 2024 mujallar likitocin Birtaniya ta tattara gwaje-gwaje 218 kan motsa jiki da ciwon damuwa, rawa ta fito cikin waɗanda suka nuna tasiri mai yawa, kodayake gwaje-gwajen da aka yi a kanta kaɗan ne, kuma akasari a kan mata matasa.

A ganina babbar fa'idarta ba ta cikin waɗannan alƙaluma. Tafiya da sauri tana ba zuciya kusan duk abin da rawa ke ba ta. Bambancin shi ne mutane da yawa suna sayen takalmin tafiya a watan Janairu, kafin Maris ya koma ƙarƙashin gado, saboda rana, ƙura, ruwan sama, ko tsoron fita da duku-duku a unguwar da babu fitilar titi. Rawa kuwa ba ta buƙatar fita, ba ta buƙatar kuɗin rajista, kuma kiɗa yana ɗauke hankali daga gajiya. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci ga babba, idan aka raba shi kwana biyar, minti 30 ne. Waƙa shida ke nan masu minti biyar-biyar.

Ga wadda ta zo don rage tumbi kawai, gara ki ji gaskiya tun yanzu. Mai nauyin kilo 70 da ya yi rabin awa yana rawa zai ƙona kalori tsakanin 150 da 250. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da kusan 200. Wato lemo ɗaya bayan darasi ya mayar da abin da aka fitar. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai kalori 7,700. Saboda haka sikeli ba zai yi saurin motsi ba sai an taɓa kwano. Amma awon jini, suga, barci da numfashin hawa bene suna gyaruwa ko da nauyi bai sauka ba. Kuma gumi ba kitse ba ne. Naɗe ciki da leda ko ɗamarar matse tumbi ruwa kawai yake fitarwa, da kin sha kofi biyu ya dawo, ga wahalar da numfashi a banza.

Kunya, addini da kyamarar waya

Na san abin da ke ran wasu masu karatu tun daga kanun wannan rubutu. A al'adarmu, babba ba ya rawa a bainar jama'a, kuma malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Wannan shafi na lafiya ne, hukuncin kuwa na malaminka ne, shi za ka tambaya. Abin da zan iya cewa shi ne zuciya ba ta san ko akwai lasifika ko babu ba. Taku take ji. Wadda ba ta sauraron kiɗa tana iya yin jerin motsin nan da tafi, da ƙirge da baki, ko da sautin agogon waya mai bugawa daidai-daidai. Cakuɗuwa da maza ma ba dole ba ce. Ɗakinki ya isa, falonki ya isa bayan yara sun tafi makaranta, kuma akwai gidajen motsa jiki a Abuja da suka ware lokaci ko sashe na mata zalla, a tambaya kafin a biya. Mata huɗu ko biyar na rukunin gidaje ɗaya suna iya haɗuwa a gidan ɗayarsu sau uku a mako. Sananne ne a littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Motsa jikin mace a muhallin da ya dace ba abin kunya ba ne.

Sharaɗi ɗaya nake ba duk wata ƙungiya irin wannan: a ajiye wayoyi a kan tebur, fuska ƙasa, in ban da wadda ke ba da sauti. Kowa ya tuna abin da ya faru a 2020, lokacin kullen korona, da bidiyoyin matan aure suna yi wa mazajensu rawa da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker suka cika intanet, da irin ce-ce-ku-cen da ya biyo baya. Abin da aka ɗauka cikin raha a falo, idan ya fita ba ya dawowa. Kai kuma maigida, idan ka shigo ka tarar da ita tana takawa, kada ka yi mata dariyar da za ta sa ta daina. Wanda aka ba kujera da mota da naman suya na dare ya fi kowa buƙatar ya cire babbar riga ya shiga sahu.

Farawa ba tare da an ji wa gwiwa ciwo ba

Makon farko, minti goma ya isa, sau uku. A fara da minti uku zuwa biyar na ɗumama jiki: taku a wuri ɗaya, juya kafaɗu, kaɗa hannuwa. Sai a shiga taku biyu dama, biyu hagu, a ɗaga gwiwa zuwa ƙugu, a taka gaba a dawo baya, hannuwa na sama suna sauka. Ƙa'idar mai farawa, musamman mai jiki, ita ce ƙafa ɗaya ta kasance a ƙasa koyaushe, ban da tsalle. Kowane mako a ƙara minti biyu ko uku har a kai 30. Ba laifi a raba shi goma da safe, goma da rana, goma da dare, duk lissafi ɗaya ne. Kada a tsaya cak a zube a kujera da an gama, domin jini yana taruwa a ƙafafu, jiri ya ɗebi mutum. A sassauta a hankali na minti biyar, sannan a miƙe tsokar sha-raɓa da cinya. Ciwon jiki na kwana biyu bayan fara sabon motsi ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburin gwiwa, shi ne alamar a dakata.

Yawancin gidajen Abuja tayil ne a kan siminti, ga tauri ga santsi. Silifas da safa zalla su ne ke kai mutane wurin mai ɗori. A sa takalmin kambas mai taushin ƙasa, a goge gumi ko ruwan da ya ɗiga, a janye teburin gilashi da ƙaramar dardumar da ke zamewa. Kafet mai kauri kuma yana riƙe takalmi lokacin juyi, gwiwa ta murɗe, don haka a ɗaga ƙafa a juya maimakon a murza ta. Zani yana harɗe ƙafa, wando mai walwala ya fi, da rigar mama mai riƙewa sosai. Wanda ke zaune a saman bene ya tuna da na ƙasa.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke kusantar maki 40 kuma wuta ba tabbas, a yi da sassafe ko bayan Magariba, taga a buɗe, a sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, mai asma ya yi a cikin ɗaki, abin shaƙarsa a kusa. Da azumi, a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki, ko bayan Tarawihi, a rage tsawo da ƙarfi.

Waɗanda za su fara ganin likita

Kafin komai, a auna jini. A 2020 Jami'ar Abuja ta kafa shirin kula da hawan jini tare da Jami'ar Northwestern ta Amurka a ƙananan asibitoci 60 na yankin babban birnin tarayya, a ƙananan hukumominsa shida, daga Bwari har Abaji, kuma kusan kowane babban kantin magani yana da na'urar awo. Idan awon ya kai 180 bisa 110, ba ranar rawa ba ce, ranar asibiti ce. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da shan abinsa, likita ne kaɗai zai rage idan ya ga awo ya sauka. Wasu magungunan, irin su atenolol, suna hana zuciya saurin bugu, don haka mai shan su ya bi ma'aunin magana, ya bar ƙirgen jijiya. Mai allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga sosai ya ajiye dabino uku a kusa saboda rawar jiki da gumi mai sanyi, ya kuma duba tafin ƙafarsa bayan ya cire takalmi. Mai sikila ya tsaya a mataki mai sauƙi, da ruwa a hannu. Ga kowa da kowa: nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an huta, a tsaya nan take a nemi asibiti, ba a jira gari ya waye ba.

Mai ciki da ba ta da matsala an yarda ta yi motsi matsakaici, ban da tsalle da juyi mai sauri, bayan ta shaida wa ma'aikatan awo. Mai jego ce nake so ta karanta wannan sau biyu. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya na bayan haihuwa a duniya. Likitoci a Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, inda suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, kuma har yau asibitocin Kano da Sakkwato suna ganin sa. Idan kin haihu cikin watannin nan kina haki da ɗan aiki kaɗan, ƙafafu sun kumbura, ba ki iya kwanciya sai da matasai biyu ko uku, ko tari na tashin ki da dare, kada ki ce ƙiba ce bari in motsa ta sauka. A duba zuciyar tukuna. Wadda aka yi wa tiyata kuwa ta jira izinin likita, wanda yawanci ba ya zuwa kafin mako shida.

Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar awa guda ta motsi a kullum, abin da yaron da motar makaranta ke ɗauka a bakin get ta dawo da shi gaban talabijin ba ya samu. Ba sai an roƙe su ba, da sun ga Mama ta tashi za su riga ta. Hajiya Kaka ma tana da rabo. An shawarci 'yan shekara 65 zuwa sama su riƙa motsin da ke ƙarfafa daidaiton jiki aƙalla kwana uku a mako, saboda faɗuwa da karayar ƙugu. Ta riƙe bayan kujera mai nauyi da hannu ɗaya ta taka a hankali, ko ta zauna ta yi da ƙafafu da kafaɗu. A ce ta nuna wa jikoki yadda suke yi a dandalin garinsu, a kuma sa babba ɗaya ya tsaya kusa da ita a ranakun farko.